Mato Mai Bambar da Kujerar Jirgin Damazin

Mato mijin yayata Huseina ne, saboda haka tun ranar da aka ɗaura musu aure na samu izinin tsokanarsa, kuma Allah ya sani ban bar izinin nan ya yi tsatsa ba. Abin da zan faɗa a nan ma da tsokana ya fara, sai dai ni kaina ban yi dariya a ƙarshensa ba.

A hanya aka haifi Mato. Iyayensa sun taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogi kudu da Rusairis, suka ce bari su yi noman damina ɗaya su wuce. Damina ɗayar ce ta zama arba'in. Shi kuwa bai ɗauki fartanya da muhimmanci ba, gizago ya kama. Yana sassaƙa angarib, gadon igiya irin na ƙasar nan, da bambar, 'yar gajeriyar kujerar da ake shan gahawa a kanta. Itacen bagaruwa yake aiki da shi, igiyar kuma da hannunsa yake tufka ta daga kabar goriba. Idan ka zo sayen bambar, sai ya ce ka taka zuwa bakin rumfa ka dawo. Daga tafiyarka yake gane inda zai ɗaure igiya tamau da inda zai sassauta mata. Har daga Sinja ana aiko masa a yi wa amare gado. Yana da girman kai a kan wannan, ba na ɓoye masa. Ya sha cewa ba a taɓa tashi daga kujerarsa ana dafe da ƙugu ba, kuma abin haushin, gaskiya yake faɗa.

Rumfarsa ce majalisar gari. Bayan la'asar dattawa kan taru, kowa da bambar ɗin da ya saba da ita, a yi ta hirar riɗi da farashin dawa.

Sai ga Almu. Sa'an Mato ne, a wurin maigida ɗaya suka koyi sana'a, amma Almu bai taɓa saƙa bambar da ta kwana uku ba ta lotsa ba, har maigidan ya gaji ya sallame shi. Da aka fara gina madatsar ruwa ta Rusairis, Almu ya samu aikin dafa wa injiniyoyi abinci. A shekarun ne kamfanin jiragen sama ya kawo wani sabon jirgi, ƙarami mai farfela biyu, yana zirga-zirga tsakanin Damazin, garin da ke tsallaken kogi daga Rusairis, da Khartum. Wata rana wani injiniya da ba ya iya cin girkin kowa sai na Almu ya tafi da shi a cikinsa. Kwana huɗu ya yi ya dawo, kuma daga ranar gari bai sake hutawa ba.

Ba gajimare ya dame shi ba, ba kuma yadda kogi ya koma kamar zare ba. Kujera ce kawai a bakinsa.

"Ya jama'a, kursin tayyara ba a hwaɗi," in ji Almu, yana nufin kujerar jirgi, yana zaune a rumfar Mato, a kan bambar ɗin Mato. "Ka zamna ka nutse kamar cikin buhun auduga. Akwai wani ɗan maɓalli ga hannun kursi, ka danna shi, shi ke nan, sai baya ya kwanta da kai. Ga iska mai sanyi na huro maka bisa kai. Wallahi sai da na zamna can na san duk rayuwata bisa itace nike."

Dattawa suka yi ta salati. Mato bai ɗaga kai daga igiyarsa ba, amma na ga ya tsaya da tufka.

"Kwanciyar bayan, yatsa nawa ta?" ya tambaya. "Mi aka cusa ciki?"

"Haba mai igiya," in ji Almu, "wanga ba aikin gizago ba na."

Kishi ya kama Mato, kishi na gaske, irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Da a ce wani malami ko attajiri ne ya shiga jirgin, da ya haɗiye. Amma Almu, wanda ko ƙulli bai iya ba, shi ne yau masanin zama. Abin bai tsaya ga hira ba. Mutane suka fara zuwa sayen bambar tare da Almu, wai ya ɗana musu tukuna, tunda shi ya san kujera. Sai ya zauna, ya motsa ƙugu hagu da dama, ya taɓe baki ya ce, "To, ta ƙasa dai ce." A gaban Mato ake wannan.

Wata biyu Mato ya ɓata yana haɗa wata kujera mai baya, da turaku uku da ake matsar da jinginar a kansu, ya cusa mata auduga ya rufe da fatar akuya. Ni na zauna a kanta, kuma na rantse ba ta da makusa. Aka kira Almu. Ya jingina, ya lumshe ido, ya daɗe, sannan ya miƙe ya dafa kafaɗar Mato ya ce, "Ka yi ƙoƙari." Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Ranar Huseina ta ce ko ruwa bai sha ba sai da rana ta faɗi.

Daga nan buri ɗaya ya rage wa Mato a duniya: ya ɗora bayansa a kujerar jirgin nan, ya ji ta da kansa, ya dawo rumfa ya ba Almu amsa a gaban mutanen da suka ji "ka yi ƙoƙari". Gani ya kori ji, haka yake ta maimaitawa. Ni kuwa duk lokacin da jirgin ya wuce ta saman gari sai in leƙa rumfa in ce, "Yaya Mato, ga kujerarka can tana gaishe ka." Shekara uku muna haka.

A damina ta uku ciwon yanar ido ya rufe idanun mahaifiyarmu, Iya Yalwa. Likitan Rusairis ya ce sai Khartum, kuma kada a jira. Baƙar lakar ƙasarmu kuwa a damina ko babbar mota haɗiye ta take yi, ruwa kuma ya cinye hanyar jirgin ƙasa. Ba abin da ya rage sai sama. Dangi suka haɗu suka ce ni auta in raka ta. Washegari Mato ya kai bijiminsa kasuwa, ya dawo ya ce ai tafiya irin wannan tana son mai riƙe kaya. Huseina ta dube shi kawai ta yi murmushi.

Sai na faɗi yadda Mato yake da Iya. Shekara ashirin yana surukinta, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, bai taɓa zama a tabarmar da take ba. In ya hango ta a hanya sai ya ratse gefe, ya cire takalmi ya durƙusa har ta wuce. Gaisuwa ma daga bayan zana yake yi mata. Ita kuma ko sunansa ba ta kamawa. Har filin jirgi yana bayanmu da taku goma, da ƙunshin kaya a ka.

Mu muka shiga a ƙarshe saboda Iya a hankali take takawa. Jirgin ya cika da ma'aikatan madatsa, wuri uku ya rage: biyu a jere, ɗaya kuma layi uku a baya. Na zaunar da Iya a jikin taga. Ina juyawa na hango Mato yana shigowa, idonsa na yawo a kan kujeru kamar yaro a gaban mai alewa, sai shaiɗanin tsokana ya raɗa mini. Na sulale na zauna a ta baya. Niyyata in ga fuskarsa na ɗan lokaci, in yi dariya, in tashi mu musanya.

Mato ya iso ya ga wurin da ya rage, ya ga wadda ke gefensa, ya daskare. Ya waiwayo ni da ido yana roƙo, ni kuwa ina danne dariya. Kafin in motsa, ma'aikacin jirgi ya dafa shi ya zaunar, ya ɗaura masa ɗamara, aka rufe ƙofa, farfela suka ɗauki ƙara. Aka ce kowa ya zauna inda yake.

Da jirgin ya zabura, Iya ta tsorata. Ta laluba gefenta ta damƙi wuyan hannun da ta samu, da hannu biyu.

Daga inda nake ina ganin Mato. Ya ja jikinsa gaba iyakar inda ɗamara ta bar shi, bayansa a miƙe, tsakaninsa da jinginar za ka iya zura ƙwarya. Kansa a sunkuye. Da aka ba da izinin tashi daga kujera na lallaɓo na tsuguna a gefensa don mu musanya, sai ya girgiza mini kai da sauri, ya nuna hannunsa da ido. Nan na gane. In ya zare hannun za ta san wanda ta riƙe, kuma kunyar da za ta ji ta fi ciwon idon.

"Audi, kai na?" in ji Iya. "Kak ka sake ni."

"Ni na, Iya," na amsa daga inda nake tsugune.

"Mijin Huseina fa, ya samu wuri? Ya daɗe shina son kursin ga."

Na ce, "Ya samu, Iya. Shina can baya, ya jingina."

"Alhamdu lillahi," in ji ta, ta gyara zama ta kwantar da kanta.

Ma'aikacin ya kore ni na koma wurina. Aka kawo shayi da alewa, Mato bai karɓa ba. Awa ɗaya da rabi yana nan a bakin kujera, bai jingina ba, bai yi tari ba. Sai da muka sauka Iya ta saki hannun don ta gyara mayafi, Mato ya zame, na maye gurbinsa. Da zai fita na ga ya danna jinginar da tafin hannu sau ɗaya, ma'aikacin yana cewa a yi sauri.

An yi wa Iya aiki, ido ɗaya ya buɗe. Bayan mako biyar hanya ta bushe, muka dawo ta ƙasa, don ba sauran bijimin sayarwa.

Ranar da muka iso rumfa ta cika har waje. Almu na gaba, ya harɗe ƙafa.

"To mai igiya, ka gani da idonka. Mi ka ce?"

Na san Mato zai iya cewa kujerar banza ce, kuma da yawa za su yarda, don hukuncinsa suka zo ji. Amma bai taɓa kushe kujerar da bai jingina a kanta ba. In kuma ya ce bai jingina ba, za a tambayi dalili, kafin magariba labari ya kai kunnen Iya. Ya daɗe yana murza wani guntun igiya a cinyarsa.

"Yadda Almu ya hwaɗi," in ji shi, "haka take."

Almu ya yi dariya har da buga ƙafa, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Mato bai sake shiga jirgi ba har ya rasu, Iya kuma ta riga shi rasuwa ba tare da ta taɓa sani ba.

Da mutane suka watse a ranar na tsaya, ina neman ta inda zan fara ba shi haƙuri. Bai bar ni na fara ba. Ba tare da ya dube ni ba, ya yi ƙasa da murya.

"Audi, kai ka danna maɓallin?"

Na ce na danna.

"Tsakaninka da Allah, ta hi tawa?"

Na buɗe baki in yi masa ƙarya, amma na makara, ya riga ya ɗago ya ga fuskata. Ya gyaɗa kai, ya jawo wata bambar da bai gama ba, ya ci gaba da jan igiya.