Taɓarya Biyu a Turmi Ɗaya

Ina ɗalibar aikin jinya aka tura ni sashen masu tsananin ciwo a wani asibiti na ƙasar Daura. Aikina shi ne rubuta lambobi a littafi, kuma na so shi, don ba ya bukatar magana.

A gado na uku akwai wata yarinya 'yar shekara huɗu daga wajen Mashi. Ciwon huhu ya kayar da ita, aka zura mata bututu ta baki, aka haɗa da na'urar numfashi. Da ta fara farfaɗowa sai ta kama kokawa da na'urar. Ta gantsare, ta cije bututun har dasashinta ya fashe, jini ya bi haɓarta. An ɗaure hannayenta da bandeji a ƙarfen gado, ta fizge ɗaya ta kai wa bututun cafka. Babbar nas ta danne ta da gwiwar hannu, yarinyar ta shure ta a muƙamuƙi.

"Ke sarkin rubutu," nas ta daka mini tsawa, "littafin ne zai hura mata iska? Riƙe ƙafar nan!"

Na riƙe. Likita ya ce a haɗa allurar barci mai ƙarfi, don in ta cire bututun, shi ke nan.

Uwar tana bakin ƙofa. 'Yar farinta ce, saboda haka ba ta kiran sunanta, ba ta matsowa gadon a gaban mutane. Da na je ɗauko auduga, ta kama gefen hijabina, idonta a ƙasa.

"Ƙanwata, waccan ba rigima take ba. Kin taɓa yin lugude? Taɓarya biyu ce ke karo. Tana sakin iska, abin nan yana tura mata."

Na koma na ɗora tafina a kan cikin yarinyar, idona a kan na'urar. Na ƙirga har sau uku, ina rubutawa a littafin. Tana jan numfashi, na'urar shiru. Tana fitarwa, sai ta bankaɗo mata iska. Ni da ban taɓa yi wa likita magana ba sai gaisuwa, na miƙa masa shafin.

"Ranka ya daɗe, na'urar ba ta jin jan numfashin yarinyar."

Ya dube ni, ya dubi shafin, ya sa nasa tafin inda nawa yake. Sai ya ce a ajiye allurar. Ya gyara na'urar yadda ƙaramin ja ma zai tashe ta, ya rage tsawon turawar.

Ba nan take yarinyar ta lafa ba. Ta ƙara shuri biyu, sannan haƙoranta suka saki bututun, ƙirjinta ya soma hawa da sauka tare da hucin na'urar. Nas ta kwance bandejin tana shafa muƙamuƙinta.

Na waiwaya ƙofa. Uwar ta juya baya, tana kallon bango, amma yatsanta yana buga ƙarfen ƙofar daidai da numfashin 'yarta.