Lasifikar Hagu

Duk wanda ya taɓa kai kujera ko ƙofa gyara a layin bayan tashar mota ya san Kafinta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir a bayan kunne, kuma ba ya yawan magana sai an taɓo zancen katako. Ranakun aiki yana shagonsa, injin yankan katako na ta ihu a gefensa na hagu tun safe har yamma. Amma Lahadi da yamma ba a ganinsa a ko'ina. Mutanen gidansa ne kaɗai suka san inda yake shiga: ƙaramin ɗakin ƙarshen baranda, wanda a da ake jibge tarkace a ciki.

Shi ya tsara ɗakin da hannunsa, kuma ba abin da ke cikinsa da aka ajiye da ka. Lasifika biyu ne a tsaye, kowace tsayinta ya kai ƙugun mutum, cikin akwatin katako mai nauyi. Ya janye su daga jikin bango, ya ɗan karkato fuskokinsu su kalli kujera ɗaya tak da ke tsakiyar ɗakin. Da igiya ya auna: tazarar da ke tsakanin lasifikun ita ce tazarar kowace ɗaya zuwa kan mai zama. Inda ƙafafun kujerar suka tsaya ya ɗiga farin fenti a ƙasa, don ko an yi shara a mayar da ita mazauninta. Akwai tsohon kafet, akwai labule mai kauri a taga, bangon baya kuma ya lulluɓe shi da ragowar soson kujeru don kada sauti ya buga ya dawo. Fanka a kashe take ko da zafi zai kashe mutum, domin a cewarsa iskarta na yanka sauti gunduwa-gunduwa. A jikin amfilifaya, na'urar da ke ba lasifikun ƙarfi, akwai wani maɓalli da ake murɗawa a raba ƙara tsakanin hagu da dama. Wannan ya tsayar da shi a tsakiya cif, ya manne da salatif tun yara suna rarrafe, salatif ɗin har ya yi ja.

Abin da yake saurare kuwa ba waƙa ba ce, don ba mawaƙi a ciki. Kiɗa ne da na'ura ke yi, mai tsawo, ba a gane farkonsa balle ƙarshensa. Wani sauti zai yi ta maimaita kansa kamar ɗigar ruwa a bokiti, sai ya narke ya zama wani abu daban, wani ya taso ta ƙarƙashinsa. In mutum ya rufe ido sai ya ji bangon ɗakin ya ja da baya, kansa ya yi sakayau. Matarsa, wadda daga kicin take jiyo abin ta bango, ba ta taɓa jin komai ba sai dum, dum, dum.

"Baban yara, injin niƙanka ya gama ne, ko in ajiye maka abincin?" Haka take tambayarsa duk Lahadi.

"Kiɗa ne, Maman yara."

"To Allah ya ba mai kiɗan lafiya."

Wansa ne ya kawo abin gidan. Tare suka koyi sassaƙa a wurin mahaifinsu, amma Yaya ya ajiye zarto ya kama tuƙin babbar mota, yana tafiyar nesa. Wata rana ya dawo da kaset ba suna ba hoto, ya ce wani fasinja ne ya manta da shi. Suka sa a ƙaramar rediyo suka ji shirme. Yaya ya ce a'a, a cikin mota ba haka yake ba, akwai abin da ke yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan. Sai suka haɗa kai da abokinsu Dogo mai gyaran rediyo, ya samo musu lasifika da amfilifaya, su kuma suka yi akwatunan. Kafinta ya yi na dama, Yaya ya yi na hagu. Da yake ƙuruciya na ɗibarsu, ta ciki suka ɗaura lasifikun, suka rufe ko'ina da gam, ba ƙusa ba noti, wai don kada iska ta sami mafita. Ba wanda ya yi tunanin wata rana za a so buɗewa.

Ranar da suka fara kunnawa a ɗakin, rige-rigen kujera suka yi kamar yara. Can tsakiyar kaset ɗin akwai inda komai ke lafawa, sai wani siririn sauti ya taso daga kusurwar hagu, can nesa, ya ratso ɗakin a hankali ta gaban fuskar mutum, ya wuce dama ya ɓace. Yaya ya buga cinya ya ce, "Ka ji shi! Wannan ɗan'uwana ne direba, shi kaɗai a kan hanya." Tun daga nan suke kiran sautin Matafiyi. Yaya ya rasu da daɗewa. Kaset ɗin ma ya tsufa, Dogo ya kwafe shi a wani, daga baya ya mayar da shi kan faifai, aka kuma samo wasu kaɗe-kaɗen irinsa suka cika kanta guda. Amma kowace Lahadi da na farkon nan Kafinta ke rufewa, kuma in Matafiyi ya taso sai ya ji kamar akwai mutum tsaye a bayan kujerar yana jiran a tashi a ba shi wuri.

To, a 'yan watannin nan Matafiyi ya daina tasowa daga kusurwa. Sai dai kawai Kafinta ya tsince shi a tsakiyar ɗaki, kamar wanda ya faɗo daga rufi, ya wuce dama. Rabin tafiyar ta ɓace. Ya goge faifan, ya canza waya, ya sake auna igiyarsa. Ya ɗauki amfilifayar ya kai wa Dogo, wanda yanzu ya yi furfura kuma sai da tabarau biyu yake ganin cikin rediyo.

Dogo ya jona ta ya gwada, ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Ta fi ni da kai lafiya."

"To lasifikar hagu ce ta mutu."

"Ka musanya su mana, ka kai ta hagu dama, ka ji ko ciwon zai bi ta."

"Tun ranar da Yaya ya ajiye ta a wurin nan ba ta motsa ba."

"Kai dai ka cika taurin kai, Kafinta. Akwati ne fa, ba kabari ba." Dogo ya cire tabarau ɗaya, ya dube shi, kamar zai ƙara wata magana, sai ya fasa. "In ka ce lallai ita ce, sai ka fito min da ita in duba. Ka kuwa san yadda kuka rufe ta."

Kafinta ya sani. Ba yadda za a kai ga lasifikar sai an fasa akwatin, kuma gam ɗin ya riga ya zama ɗaya da katakon. In aka sa kurfi, tsagewa zai yi. Akwatin nan shi ne abu na ƙarshe da Yaya ya yi da hannunsa. A gefensa har yanzu akwai inda ya goge ya zarce, katakon ya ɗan lotsa, Kafinta ya yi ta yi masa tsiya a kai shekara da shekaru. Ya yi ta juya abin a ransa. In ya bar akwatin, Matafiyi ya tafi ke nan. In ya fasa shi, aikin Yaya ya tafi. Daga ƙarshe ya ce wa kansa ai Yaya don sauti ya yi akwatin, ba don kallo ba.

Lahadin da ta biyo ya shiga ɗakin da guduma da kurfi. Ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, ya durƙusa, yana shafa gefen akwatin yana neman inda zai fara. Bai ji shigowar matarsa ba sai da ta zagayo ta damansa ta dafa shi.

"Me za ka yi da guduma?"

Ya gaya mata a taƙaice. Ta dubi akwatin, ta dubi kujerar.

"Kafin ka fasa, kunna min in ji."

"Ke? Injin niƙan?"

"Shekara nawa ina shan dum-dum ta bango, ai na cancanci in ga mai niƙan ido da ido. Tashi."

Bai taɓa hana ta zama a kujerar ba, ita ce ba ta taɓa nema ba, shi kuma bai taɓa tayi ba. Ya ajiye gudumar. Da yake ta fi shi gajarta, ya ɗauko matashi ya sa mata don kunnenta ya yi daidai da lasifikun. Ya ja labule, ya kashe fanka.

"Wayyo, da zafin nan?"

"Haka ake yi. Jingina. Rufe ido. Kada ki nemi waƙa, babu. Ki bar shi kawai ya zo."

Ya kunna, ya koma jikin ƙofa ya tsaya. Da farko tana ta fifita da gefen mayafi, bakinta a taɓe. Can sai fifitar ta tsaya. Kafaɗunta suka sauka. Ya san faifan kamar tafin hannunsa, don haka ya san lokacin da komai zai lafa. Aka zo wurin. Shi bai ji komai ba tukuna, ɗakin shiru a kunnensa. Amma sai ya ga kan matarsa ya juya hagu, can kusurwa, idonta a rufe, girarta ta ɗaga kamar an kira sunanta daga nesa. Kan ya fara dawowa a hankali, a hankali, yana bin wani abu. Sai da fuskarta ta iso tsakiya sannan shi ya ji siririn sautin, suka raka shi tare har ya ɓace a dama.

Ya kashe. Ta buɗe ido.

"Ikon Allah. Wani abu ne ya wuce ta gabana, har na so in janye ƙafa. Dama abin da kake ji ke nan kai kaɗai, ka bar ni da dum-dum?"

"Daga ina ya taso?"

Ta nuna kusurwar hagu da yatsa. "Can. Siriri, kamar mota a hanya mai nisa."

Kafinta ya zauna a kan buhun, kusa da gudumarsa. Ya kai hannu ya taɓa kunnensa na hagu, wanda injin shago ya yi shekaru yana yi wa ihu. Ya toshe na dama da yatsa, ya ce ta yi magana. Ya ga bakinta na motsi, muryar kuwa kamar daga cikin rijiya.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da na koma zama ta damanka in za mu ci abinci. Ka ce wai na cika canje-canje."

"Kuma Dogo?"

"Dogo tsoron bakinka yake. Kowa ya sani, Baban yara. Jikarka ma ta dama take zagayowa in tana son alewa."

Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Ya daɗe yana kallon akwatin Yaya, da ɗan lotsawar nan ta gefe. Sannan ya naɗe guduma da kurfin cikin buhu ya tura su waje. Ya je gaban amfilifayar ya sa farce ya ɓanɓare tsohon salatif ɗin, wanda ya fita da ƙyar ya bar tabo. Ya murɗa maɓallin zuwa hagu kaɗan, ya zauna ya saurara, ya tashi ya ƙara. Ya ja kujerar ta sauka daga kan ɗigon fentinta, ta matsa kusa da lasifikar hagu. Matarsa na tsaye tana kallonsa yana karya dokokinsa ɗaya bayan ɗaya.

Matafiyi ya dawo, amma ba daga can kusurwa ba. Yanzu daga gefen labule yake tasowa, kuma ya ɗan dusashe. Dogo ya matsa masa ya je a duba kunnen, ya je, aka ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a kiyaye saura. Shi ya sa in ka je shagon yanzu za ka same shi da abin toshe kunne, sai ka ɗaga murya ko ka zagayo ta dama.

Ɗigon fentin na nan a ƙasa, bai goge ba. A kansa ya ɗora sabuwar kujera da ya yi wa matarsa, ƙafafunta sun ɗan fi tsayi don kada a nemi matashi. Tasa tana gefe, can hagu. Da ya ce zai mayar da maɓallin tsakiya saboda ita, cewa ta yi ya bar shi, kunnenta biyu lafiya, za ta iya da ɗan ƙarin ƙara. Har yanzu tana mitar fanka, har yanzu injin niƙa take ce wa kiɗan. Amma in aka zo inda komai ke lafawa, Kafinta ba ya rufe ido kamar da. Ita yake kallo. Da zarar kanta ya juya kusurwa sai ya san Matafiyi ya taso, ya gyara zama ya jira a iso inda kunnensa zai tarye shi.