Baba Dogara da Gwangwanin Ruwan Teku

Duk ranar da jirgin Fatakwal ya iso Kafanchan, Baba Dogara ne na ƙarshen saukowa. Shi ne gadin taragon baya. Sai ya naɗe tutarsa, ya rungumo gwangwanin kananzir da ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya biya makarantarmu kafin ya je gida.

Abin ya samo asali ne bayan yaƙin basasa, da jiragen kudu suka dawo aiki. 'Yarsa Lucy ta ce masa Malama Scholastica ta tambayi aji abin da ke cikin teku, kowa ya ce kifi. Dogara ya ga abin da masunta ke zubarwa daga komarsu a can, don haka amsar ta dame shi. Ya fara kawo wa yara halittun teku a gwangwanin: mai hannu biyar kamar tauraro, mai ƙaya kamar bushiya amma ba kai ba ido, da wani mai laushi kamar koko ya kwana. Da yawa sun mutu a hanya, wari ya bi shi har gida.

"Baban Lucy, ko kai ko gwangwanin nan, ɗaya zai kwana waje," in ji matarsa Afiniki. Sau da yawa shi da gwangwanin tare suka kwana a wajen.

Sai magana ta tashi a ikilisiya cewa kayan tsafi yake shigowa da su. Dattawa suka kira shi, za a hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a coci. Ya zo da gwangwaninsa, ya buɗe.

Dattijo Kumai ya leƙa. "Kai, Dogara, wannan abu Allah ne ya yi shi kuwa?"

"Shi ne, Dattijo. A gonarka akwai fara, gara, buzuzu, iri ba iyaka, amma duk ƙafa shida, gida ɗaya ne. A teku kuwa kowa da gidan ubansa. Taɓa ka ji."

Kumai ya sa yatsa, tauraron ya motsa, dattijon ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Da dariya ta lafa ya ce, "Ana ci?"

Ba a hana shi Jibi ba. Gwangwanin kawai aka hana shiga harabar coci, saboda wari.

Baba Dogara, ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki. Kai ne ka yarda a kira ka mai tsafi don 'ya'yan manoman citta su ga halittar da ba su taɓa mafarkinta ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma matasan reluwe, idan kun je inda yaranmu ba za su iya zuwa ba, kada ku dawo musu hannu wofi.