Yatsu Biyu na Lado

Shekara goma sha bakwai ina faci a Ƙofar Guga, kuma ban ga ɗan acaɓa mai hannun Lado ba. Na faɗa, duk mai musu ya zo ya same ni a rumfata. Daga ƙauye ya shigo Katsina da babur ɗin da ko madubi ba shi da shi, amma har yau bai taɓa kada fasinja ba. Dokarsa ɗaya ce, kowa ya hau sai ya ji ta: “Kada a yi motsi a bayana. Motsi ke kada mutane.”

Aibinsa taba. Ba shan ne ya fi ba ni haushi ba, yangar riƙon. Kwali a aljihun gaba, kara ɗaya a naɗin hula, mai wutar kuma tsakanin yatsu biyu na hagu, sauran suna jan kuloci. Haka zai ratsa cunkoso, ya zuƙa, ya mayar da hannu, babur bai girgiza ba.

Matarsa Madina ta sha gaya masa iska baya take kai wuta. Da ɗiyarsu Ramla ta shiga aji uku, yana kai ta makaranta a Kambarawa kullum, sai ta gindaya masa sharaɗi: ranar da taba ta taɓa yarinyar, ya gama ɗaukarta. Lado kuwa ba abin da yake so a duniya kamar tafiyar safen nan. Ya yi dariya ya ce hannunsa ba ya kuskure.

Hannun bai yi kuskure ba. Iska ce ta fizge kan tabar wata safiyar Talata, ta jefa shi cikin hijabin Ramla, daidai cinya. Yadin roba ne, narkewa yake. Yarinyar ta damƙe wurin da tafin hannunta, ta zauna ƙam har ƙofar makaranta.

Sai da ya sauke ta ya ga hannun a dunƙule, hawaye na zuba ba sauti. Ya buɗe yatsun, tafin ya yi bororo, yadi ya manne.

“Ramla, me ya hana ki magana?”

“Baba, kai ka ce motsi ke kada mutane.”

Daga kemis ɗin da ya kai ta, rumfata ya fara zuwa. Ya zauna kan tsohuwar taya, ƙato da gemunsa, yana kuka. Na ji tausayinsa, amma ban rage masa komai ba, na wanke shi tas. Ya ciro kwalin da na hular ya tura cikin bahon da nake gwada tub.

Madina ta cika alkawarinta. Wata huɗu maƙwabci ke kai yarinyar, Lado na bin su a baya, babur ba kowa. Ramla ce da kanta ta roƙi uwarta ta bari ya koma kai ta.

Yanzu ta gama sakandare, tabon yana nan kamar kwabo. Lado na kan aikinsa, kuma har gobe bai kada kowa ba. Yatsun nan biyu dai sun ƙi haɗuwa, a ware suke kan kuloci, ba komai a tsakaninsu. Kafin ya tada babur yakan waiwayo ya ce wa fasinja, “Malam, in wani abu ya same ka, ka taɓa ni. Zan tsaya.”