Ranar da Wake Ya Hau Kujeru

Duk layin da Mai Wake aka san shi, har jikokinsa ma haka suke kiransa in ba ya kusa. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, gefen farcen babban yatsansa ya rine ya zama kore, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Ƙuruciyarsa a kicin ɗin wani otal ta ƙare, kuma ba a gaban murhu ba, inda masu dogayen fararen huluna suke. Shi wurinsa can ƙurya ne kusa da famfo, inda ake jibge buhunan kayan lambu. Shi ne mai fira, shi ne mai yanka. Da otal ɗin ya canja hannu aka sallami tsofaffi, sai ya sayi tsohuwar firiza mai murfi a sama, ya girke ta a lungun tsakar gida, ya ci gaba da abin da ya iya.

Koren wake ya riƙe, dogon ɗanyen nan da ake ci da kwasfarsa. In ya yi araha sai ya saro buhu ya gyara, masu gidajen abinci da matan da ke dawowa daga aiki a gajiye su riƙa saye har bayan ya ɓace a kasuwa. Wanda za a ci a kwana kusa ba ya barin ruwa ya taɓa shi, don wankakken wake a firij yauƙi yake yi. Na firiza kuwa aiki ne ja. Sai ya ɓalle kai da wutsiya, ya wanke, ya tsoma a tafasasshen ruwa, da ya ga koren ya tashi ya yi shar ya kwashe ya juye a bahon ƙanƙara. Daga nan sai shanya. Wake in ya shiga firiza da laima dunƙulewa yake yi, sai an sa taɓarya kafin a raba shi. Dole a baza shi a kan tsumma mai tsabta iska ta buge shi, fankar sama kuwa guda ɗaya ce a gidan, tana falo. Uwargida ta yi faɗa a kan wannan har ta gaji ta sallama.

Mazan layin ba su bar shi ya huta ba. Namiji da gemunsa, a ce ya zauna da baho tsakanin ƙafafu yana tsinkar wake! Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. In suka ce aikin mata ne, sai ya ce to su bar wa matan cin ma.

Maganar da ta shige shi daga cikin gida ta fito.

Autansa yaro ne na kirki, wannan ba a musu. Yana aiki a ofishin wani kamfani, yana ɗaura lakataya a wuya, ba ya fita bai durƙusa ya gaida uban ba. Ya samu yarinya 'yar wani dillalin motoci, magana ta yi nisa, har uban yarinyar ya ce zai zo da ƙanensa su ga gidan da 'yarsu za ta shiga. Auta ya samu Mai Wake a tsakar gida, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito da maganar. Ya riga ya gaya musu cewa babansa manajan sito ne a otal, ya yi ritaya yana hutawa. Abin da yake roƙo kaɗan ne: ranar da za su zo a lulluɓe firizar da zani, a kau da bahunan, in an tambaya Baba ya gyaɗa kai.

“Awa ɗaya ce fa, Baba. Awa ɗaya kawai.”

Mai Wake ya daɗe yana kallon hannunsa. Da wannan hannun aka kai yaron makaranta, da shi aka saya masa takalmin da ya je neman aiki. Ransa ya ɓaci, ɓacin da bai taɓa ji ba a duk shekarun da ake yi masa dariya a titi. Abin da ya ce kawai shi ne, “Na ji.” Auta ya tashi da murna, ya manta cewa ubansa in ya yarda da abu “to” yake cewa.

Da safen ranar Mai Wake ya tafi kasuwa, wai zai leƙa ne kawai. Ya tarar an sauke sabon tsinka, wake siriri mai sheƙi, wanda in ka lanƙwasa shi yake karyewa ƙas. Ba za a ce tsautsayi ne ba, ya san ranar sarai. Ya sa aka ɗora masa buhu guda a baro. Uwargida na ganin buhun ta dafe ƙirji, ta ce ya dubi Allah ya bari sai gobe. Ya ce wake ba ya jiran gobe, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce ai ba cibinsa kaɗai ba ne. Ya yi kunnen uwar shegu ya hura wuta.

Auta ya fita tun hantsi don ya taro baƙin a bakin titi. Kafin ya dawo da su, wake ya gama cin falo. Yana kan tebur, yana kan doguwar kujera a bisa farin zani, yana kan ƙananan kujerun a manyan farantai, fanka na kaɗawa a kansa, ɗakin duk ƙanshin ɗanyen ganye. Mai Wake na tsaye a tsakiya da riga mai gajeren hannu, yana juya shi da tafin hannu.

Auta ya yi sallama ya ɗaga labule, ya tsaya cak. Bayansa dillalin ne da babbar riga da ta sha guga, da ƙanensa mai makullin mota a hannu. Mai Wake ya amsa da fara'a, ya yi musu maraba kamar yadda ya kamata, ya ɗauke faranti biyu ya ɗora a kan talabijin don su samu wurin zama. Aka gaisa, aka tambayi iyali, uwargida ta aiko da ruwa da lemo. Idon baƙin kuwa bai bar kan waken ba.

Auta ya yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. Ya yi 'yar dariya ya ce Baba ne tun da ya bar ofis ba ya son zama haka, shi ne yake ɗan taɓa wannan don ɗebe kewa.

“A'a, Alhaji, yaron nan kunya ce ta sa shi,” in ji Mai Wake. “Ni ban taɓa zama a ofis ba. Mai fere dankali ne ni a otal, mai tsinkar wake. Yanzu ma da shi nake ci da gidan nan. In kun ba mu 'yarku, gidan da za ta shigo ke nan.”

Dillalin ya ce madalla, ai sana'a ba ta da ƙarama, amma ba Mai Wake yake kallo ba, Auta yake kallo. Ba su shanye lemon ba suka ce rana ta yi. Mai Wake ya raka su har mota, ya dawo ya fara ƙulla waken a leda, yana matse iska kafin ya ɗaure, yana jerawa a firiza. Leda ta suɓuce masa fiye da sau ɗaya.

Saƙon bai daɗe ba ya iso: za su ƙara shawara a cikin dangi. Kowa ya san fassarar wannan. Ko sana'ar ce ta kore su, ko ƙaryar da suka kama, ba su faɗa ba. Uwargida ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba. Shi ma abin ya ci shi, don yana son ɗansa, kuma ya ga yadda yaron ya zabge. Amma ko sau ɗaya bai ce da na sani ba.

Wata la'asar Auta ya dawo daga aiki ya same shi a kan kujerarsa 'yar tsugune, da baho a gaba. Bai durƙusa ba, a tsaye ya yi magana, idonsa jajir.

“Baba, me zai ragu a jikinka? Awa ɗaya na roƙe ka.”

Mai Wake ya ajiye waken da ke hannunsa.

“Ba awa ɗaya ba ce, Auta. In aka ɗaura, ni manaja ne ranar biki, manaja ne ranar da aka haifa maka ɗa. 'Ya'yanka su tashi suna cewa kakansu manaja ne. Ranar da na mutu surukanka su cika ƙofar gidan nan suna cewa Allah ya ji ƙan manaja.” Ya ɗaga kai ya dubi ɗansa. “To ni fa, wa zai roƙa mini?”

Auta ya daɗe a tsaye da jakar ofis a hannu, bai shiga ɗaki ba, bai kuma fita ba. Ruwan da ke kan wuta ya tafasa yana ɗaga murfi, Mai Wake ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce masa ya ɗan matsa zai wuce da tukunya.