Indararon Baba

Shekara shida ke nan cif da rasuwar mahaifina, Malam Sani, amma har yau in na ga jan fenti a jikin bango a Makka sai gabana ya faɗi.

Gidanmu na unguwar Nakkasa ɗaki uku ne da fili a gaba, wanda muka kewaye da langa-langa. A nan Inna take girki, take shanya, take shan iska ba mai ganinta. Takardar mallaka, sakki kamar yadda ake cewa a nan, ɗakunan kawai ta ambata. Baba ko a jikinsa. Ya karanta a fiƙihu cewa harabar gida ita ce mashigarsa da inda indararonsa ke zuba. Saboda haka ya sa aka ƙera masa wani dogon indararo, har maƙwabta suna tsokanarsa wai bindiga ya kafa.

Ranar da masu awon sabuwar hanya suka zo, suka ja jan layi dab da ƙofar ɗakin Inna. Ba hadari ko ɗigo a sama. Tsohon nan ya ɗauki bokitin ruwa ya hau rufi, ni kuwa ina riƙe da tsani ina salati. Ya juye ruwan, ya bi ta indararo ya faɗi can bayan murhu, gab da takalmin shugabansu.

"Ka gani?" in ji Baba. "Iyakar gidana ke nan."

Mutumin ya ɗaga takardar, ya ce a hankali, "Ya Hajji, ni abin da aka rubuta nake aunawa."

Wallahi na ji kunya a ranar, kuma ina jin kunyar wannan kunyar yanzu. Baba bai kai ga ganin buldoza ba.

Da zai dawo yau, me zai ce? Kwalta ta shimfiɗu a kan murhun. Inna tana girki a ɗaki, taga a rufe, tana tari. Wataƙila zai ce doka ta yi daidai a takarda. Na tabbata ba zai ce ta san inda gida ya ƙare ba.

Abin da ya rage nasa indararon ne. Makon jiya aka liƙa mana sanarwa: a cire shi kafin Alhamis, yana zuba a hanyar jama'a. Na jingina tsani tun shekaranjiya. Inna ta leƙo ta ce, "Bari mu ga ko za a yi ruwa kafin nan."

Yau Laraba, ban hau ba.