Ramin da Bai Yi Ƙara Ba

Har yau ban manta da ranar da Shef Mahaman, shugaban sashenmu, ya aiko a kira ni ofishinsa ba. Talata ce. Baba Yohanna yana cewa Laraba, amma na duba littafina, Talata ce.

A lokacin ina cikin watannin gwaji a sashen binciken ƙasa na ma'aikatarmu a Arlit, kuma rahoton ramin farko da aka ba mutum shi ake dubawa kafin a tabbatar da shi a aiki. Ga wanda bai san aikin ba: injin haƙa yana huda ƙasa ya fito da dutse dogo kamar sanda, muna ce masa karot. Ana jera shi cikin akwatuna, mu kuma mu bi shi da na'urar da ke ƙara idan ta ji uraniyom. Ramukan abokan aikina duk sun yi ƙara. Nawa, wanda aka haƙa can wajen hanyar Gougaram, shiru.

Na auna shi sau uku. Na canza batir, na ari na'urar wani, har goge duwatsun na yi da tsumma. Dama ana kirana Malam Waƙafi, saboda na taɓa tsayar da taro a kan lamba ɗaya da ke bayan waƙafi. Yanzu sai direbobi suka riƙa tambayata ko karot ɗin ya fara magana. Na riƙe rahoton kwana huɗu, na rubuta takardar neman gafara, na gyara ta sau biyu.

Baba Yohanna shi ne mai kula da ɗakin ajiyar karot, mutumin Maradi kamar ni, kuma dattijo a majami'armu. Ya same ni durƙushe gaban akwati na goma sha biyu, ya tambaya ko addu'a nake yi wa dutsen. Na faɗa masa gaskiya: na roƙi Allah aikin nan shekara biyu, mahaifiyata ta riga ta ba da shaidar godiya gaban jama'a ranar Lahadi, ga shi an ba ni rami marar komai, zan koma gida da kunya.

Ya ɗauki guntun karot ya ɗora a tafina, ya tambaye ni faɗinsa. Na fara neman abin awo cikin aljihu, ya riƙe mini hannu yana dariya.

"Ɗana, iyakar abin da kake gani ke nan, faɗin tafin hannu. Da shi za ka yanke wa Ubangiji hukunci? Shi duk filin yake kallo."

Ya yi mini gajeriyar addu'a cikin sunan Yesu, ya ce in tashi in kai rahoton yadda yake. Ban kai ga tashi ba saƙon Shef ya iso.

Shef Mahaman Bazindire ne, ba ya son dogon bayani. Ya karɓi rahoton, ya ture takardar neman gafarar gefe, ya ja ni gaban babbar taswirar da ke bango. Ramuka ne birjik, kowanne da alamarsa. Ya nuna nawa a can gefe, ya ce da gangan aka haƙa shi a wurin, don a san inda uraniyom ya ƙare. Da ya yi ƙara, da an ƙara tura shingen ma'aikata zuwa arewa, ya haɗiye hanyar da makiyaya ke bi da raƙumansu zuwa rijiya. Kwana huɗu yana jiran shirun nan nawa don ya ja layi.

"Kai da ba ka fashin majami'a, Malam Waƙafi, har ka fi ni ƙarancin tawakkali?"

Na ce ya yi haƙuri. Ya ɗauki jan alƙalami ya ja iyakar ta kan ramina, ina tsaye.

An tabbatar da ni. A takardar tabbatarwar an rubuta cewa awona daidai ne, amma ina da jinkiri, kuma duka biyun gaskiya ne.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata shi ne, a wannan sana'a rami marar komai ma amsa ce, a rubuta shi yadda aka same shi a miƙa wa mai taswira. Tun daga ranar haka nake ƙoƙarin yi da Allah a kan abin da bai tafi yadda na roƙa ba. Guntun karot ɗin yana kan teburina. Daga baya na auna faɗinsa, amma ban gaya wa Baba Yohanna ba.